Tafkinmu ya daina ba da manyan kifi: mu sayo 'ya'yan tarwaɗa mu zuba?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne magatakardan ƙungiyar masunta a ƙauyenmu, cikin fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Muna da tafki guda wanda ba ya ƙafewa, a cikinsa iyayenmu suka ci suka sha. Ina yaro na ga giwan ruwan da sai da mutum biyu suka ciccibe shi, ga yauni, ga bargi. Yanzu sai mutum ya kwana a ruwa ya fito da rabin daro na ƙananan karfasa da 'yan tarwaɗa. Dattawa sun ce albarka aka ɗauke, matasa sun ce baƙin masunta ne suka cinye mana, wasu kuma sun ɗora laifin a kan kachala. Mun yi karo-karo mun tara kuɗi, muna son mu sayo 'ya'yan tarwaɗa daga masu ƙyanƙyasa mu zuba. Shin hakan zai dawo mana da kifi? In ba zai dawo da shi ba, me za mu yi?"

Wa alaikumus salam, Malam Magatakarda. Allah ya ƙara haɗa kanku, don ƙungiyar da ta iya tara kuɗi ba tare da an watse ba ta riga ta yi abin da ya fi wuya.

Abu biyu ka tambaya: me ya cinye kifin, kuma ko zuba 'ya'yan tarwaɗa zai mayar da shi. Bari in fara da ta biyun a gajarce, kada wani ya hau mota gobe ya tafi sayayya. Ku riƙe kuɗinku tukuna. Na yi shekaru ina aikin kula da kamun kifi a tafkuna da madatsun ruwa na wannan shiyya, kuma a irin tafkin da ka kwatanta, zuba 'ya'yan kifi shi ne abu na ƙarshe da ake yi, in ma an yi shi. Dalilin kuwa sai mun koma baya kaɗan.

Daga ina kifin tafkinku yake zuwa?

Yawancinmu muna ɗauka cewa kifin tafki a tafki ake haifarsa. A fadama ba haka ba ne. Tafki rumbu ne, fadamar da ruwa ke rufewa da damina ita ce gonar. Kowane masunci ya san yadda tarwaɗa ke haukacewa idan sabon ruwa ya shigo, ta riƙa kutsawa cikin ciyawar da ko gwiwa ruwan bai kai ba. A can take watsa ƙwanta, ya manne a jikin ciyawa, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. Bargi yakan share wuri a tsakiyar ciyawa ya yi sheƙa zagayayya mai faɗin kusan mita guda. Yauni shi ma sheƙa yake yi, tasa tana yawo a saman ruwa, kuma yana tsaye a kai yana gadi. Abin da ke ciyar da 'ya'yan nan duka shi ne abin da ruwa ya tarar a ƙasa: kashin shanun da suka yi kiwon rani, busasshiyar ciyawa, karan da aka bari a gona. Da sun jiƙa sun ruɓe sai ƙananan halittun da ido ba ya gani su cika ruwan, su ne kunun jariran kifi. Idan ruwa ya fara ja wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, waɗanda suka tsira sai su gangaro tafkin da ba ya ƙafewa, a nan kuke samunsu.

Masanan Hukumar Abinci da Noma ta Duniya da suka bi kogunan Afirka masu ambaliya sun daɗe da lura cewa kowace hekta da ruwa ya rufe tana ba da kifi tsakanin kilo 40 zuwa 60 a shekara, kuma kamun bana yana bin girman ambaliyar bara da ta bara waccan. Ka yi lissafin da kanka. In hekta 100 na fadamar da ke kewaye da ku ta daina samun ruwa, kun yi asarar tan 4 zuwa 6 na kifi duk shekara, ba tare da baƙo ko ɗaya ya jefa birgi ba.

To ruwan naku fa, me ya same shi? Kogin Haɗeja daga kogin Kano da na Challawa yake samun ruwansa, kuma duka biyun an datse su: Tiga a 1974, Challawa a 1992. Kogin Jama'are ne ya rage yana zuwa da ambaliyarsa kamar da. A shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na wannan fadama. Bayan madatsun da fare-faren 1973 da 1984, an yi shekarun da bai kai 1,000 ba. Sai dai kada a ɗauka raguwa kaɗai ce matsalar, don mutanen Jigawa ba su manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne lokacin ruwan ya rikice. Da can kogi yakan cika da damina ya bushe da rani, to bushewar nan ita ke kashe ciyawar ruwa. Yanzu ana sako ruwa har da rani saboda noman ban-ruwa, ƙasa ba ta bushewa, kachala ta samu gidan zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwan ya karkata ya nufi hanyar ruwan Marma da tafkin Nguru, wasu garuruwan suna fama da ruwan da ya ƙi tafiya, wasu kuma suna kallon busasshen kwari inda da jirgi ke wucewa.

Saboda haka masu zargin kachala ba su yi ƙarya ba, amma a san ta inda take cuta. 'Yar kaɗan a gefe ba laifi, mafaka ce ga ƙananan kifi. Idan ta yi duhu ne take hana rana shiga, ruɓaɓɓen ganyenta ya shanye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, sai ya zama masu iya leƙowa sama su shaƙi iska, irin su tarwaɗa da gaiwa da tufi, su ne kaɗai ke jin daɗin wurin. Giwan ruwa da tsage kuwa buɗaɗɗen ruwa suke so. Mafi muni shi ne ta toshe mashigar da ta haɗa tafkinku da kogi. Ranar da wannan ƙofa ta rufe, kifin kogi ya daina shigo muku, naku ya daina fita haihuwa.

Ka ƙara da injinan ban-ruwa. A ƙasarmu rana da iska kaɗai suna ɗauke ruwan da ya kai zurfin mita 2 a shekara daga buɗaɗɗen tafki. In aka jera injina a baki ana ja wa tattasai da alkama da shinkafa, zuwa watan Afrilu zurfin da manyan kifi ke ɓuya ya zama wurin da yaro zai taka ya wuce.

Idon koma

Yanzu mu zo inda maganar ba ta da daɗi, don ta shafi hannunmu. Jerin kifin da ka ce sun ɓace, giwan ruwa da yauni da bargi, da waɗanda suka rage, karfasa da tarwaɗa, jeri ne da na gani a wurare da yawa, kuma kusan kullum haka yake tafiya. Giwan ruwa sai ya yi shekaru kafin ya isa haihuwa, matansa kuma su ne manya, wato su ne kowa ke nema. Yauni gadin sheƙarsa ne ke kashe shi, don wanda ya gano sheƙar ya san uwar ba za ta yi nisa ba, mashi ɗaya ya gama da ita da ƙwan gaba ɗaya. Karfasa kuwa cikin 'yan watanni take fara haihuwa, tana yi tana maimaitawa a shekara, uwar kuma a bakinta take riƙe ƙwan har su zama 'ya'ya. Shi ya sa ko an ƙuntata mata ba ta ƙarewa, sai dai ta ƙanƙance.

Daga nan sai a shiga zagayen da ba ya da kyau. Kifi ya ragu, mai kalli ya ga komarsa ba ta kamawa, sai ya sayo mai ƙaramin ido. Ta kama na shekara ɗaya ko biyu, ta kwashe waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, sai ita ma ta daina. A sake sauka. A ƙarshe sai ka ga yara da gidan sauro suna tace bakin ruwa. Na taɓa tsugunawa a wata kwata na sa aka juye min kwano ɗaya na abin da gidan sauro ya kwaso. Na baza shi a kan buhu ina warewa da tsinke: 'ya'yan karfasa kamar farce, 'ya'yan kurungu, har da 'yan bargi guda huɗu da ba su kai ɗan yatsa ba. Wani dattijo da ke tsaye a kaina ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce, "Malam, wannan da an bar shi, baɗi war haka shi kaɗai ya isa miyar gida." Ba wanda ya amsa masa, saboda jikokinsa ne suka ja gidan sauron.

Doka ta san da wannan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da komar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. In za ku auna, kada ku dogara da yatsu, don yatsun wani ba na wani ba ne. A miƙe idon komar a ja shi, a sa rula daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. A tafkin Kainji, tarun da ake kira dala shi ne ya fi ɓarna, yana zuwa neman 'yan ƙananan kifin da ake busarwa ya haɗo da 'ya'yan manyan kifi, har sai da aka hana shi a ƙarshen shekarun 1990, bayan aikin haɗin gwiwa da Jamus ya zaunar da masunta da sarakunan ruwa. A wajenku abin da ya yi kama da wannan shi ne dumba, idan aka jera gura aka tare mashiga daga wannan gaɓa zuwa waccan. Dumba lokacin janyewar ruwa tana da hujja, in an bar ƙofa. Dumba lokacin shigowar ruwa kuwa tare iyaye ne a hanyarsu ta zuwa haihuwa.

Amma ni ban yarda a ɗauki inci 3 a yi ta dukan kowa da shi ba. Kawara da wasu irin kurungu ƙanana ne a halittarsu, ko sun tsufa ba za su tsaya a wannan ido ba, hana kama su asara ce kawai. Haka kuma kududdufin da kowa ya san zai ƙafe kafin bazara, kifinsa matacce ne ko an kama ko ba a kama ba, gara a kwashe, in da hali a ɗebi masu rai a bokiti a kai tafki. Abin da ake nema shi ne ƙaramin ido ya san lokacinsa da wurinsa.

Game da baƙi, a ƙirga tukuna. Mutum nawa ne ke su a tafkin lokacin mahaifinka, nawa ne yanzu, kuma a cikin na yanzu nawa ne baƙi? Sau da yawa idan an yi wannan ƙidaya sai a ga 'yan gida ne suka ninka, kowane kuma da komar roba mai arha wadda tsawonta ya ninka na zaren da. Baƙo yana iya zuwa da mugun kayan aiki, wannan gaskiya ne, amma ba ya shiga ruwa sai wani ɗan gari ya karɓi kuɗinsa ya ba shi masauki.

Maganar dattawa kuwa, ba na musunta. Arziki na Allah ne. Sai dai ka zauna da su ka tambaye su yadda ake su a da. Za su gaya maka akwai gurbin da ba a taɓawa, akwai watannin da ba mai jiƙa koma sai sarkin ruwa ya buɗe, akwai kifin da in an same shi a kan sheƙa ake ƙyale shi. Ko da wane dalili aka kafa waɗannan, aikin da suka yi shi ne ajiye iri. Dubi Matan Fada a Argungu: ana rufe wurin shekara guda, ranar biki kuma homa da gora kaɗai ake shiga da su, shi ya sa har a 2020 aka fito da kifi mai kilo 78. Bikin masarautar Bade a Gogaram, nan kusa da ku, shi ma a kan hutar da ruwa ya ginu.

Ku gano naku ciwon

Daga inda nake zaune ba zan iya yanke muku cewa ruwa ne ko koma ce ta fi cutar da ku ba, sai an ga tafkin. Amma ku kuna iya ganowa da kayan da ba su fi kuɗin littafin makaranta ba.

Ku kafa doguwar sanda a wuri mafi zurfi, ku yi mata zane taƙi-taƙi, kowace Juma'a a rubuta inda ruwa yake. Ku bi mashigar da ƙafa ko da jirgi har kogi, ku ga ko kifi zai iya wucewa. A kwata kuma, ko sau biyu a mako, a rubuta jirage nawa suka fita, da wace irin koma, daro nawa suka kawo. Jimillar kifin gari ba ta faɗin gaskiya. Abin da mutum ɗaya ke samu a kwana ɗaya da koma iri ɗaya, shi ne ma'auni.

Sannan ku buɗe bakin karfasa. Wannan gwaji ina son sa ƙwarai. Ka ɗebi talatin daga daro ba tare da zaɓe ba, ka auna tsawon kowace, ka duba baki da ciki. In ka ga karfasa mai faɗin yatsu uku da ƙwai cike da bakinta, tafkin yana gaya maka ɗayan abu biyu. In tana da ƙiba, jikinta sumul, amma ba yawa, to kamu ne ya yi yawa, ba a barinta ta girma. In kuwa suna da yawa kamar ƙasa, ga ramar jiki, ga ƙaton kai da manyan idanu, to cunkoso ne: an kawar da masu cinsu, sun hayayyafa sun fi ƙarfin abincin tafkin, sun tsumbure. Maganin na farko a faɗaɗa idon koma. Na biyun kuwa in ka faɗaɗa ido ka ƙara musu cunkoso ne, sai an rage su, an kuma bar masu cinsu sun dawo. Ka ga ciwo biyu masu kama ɗaya, maganin wannan gubar wancan.

Wani abin da ke haɗa faɗa a banza shi ne mutuwar kifi farat ɗaya. Da an wayi gari an ga kifi a saman ruwa sai a ce an zuba gamalin. Ana zubawa, ban ce ba a yi ba, kuma mugun abu ne: sinadarin da ke cikinsa tun 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin waɗanda za a daina, ga kuma masu wanke tankin feshi a bakin tafki. Amma ƙarancin iska ma yana kashe kifi, musamman da zafin bazara ko bayan ruwan farko ya kwaso datti ya zuba. Alamarsa ita ce da asuba za ka ga karfasa sun taso suna haki a sama, rana na ɗagawa su koma, tarwaɗa kuma ko a jikinta. In guba ce ba ta zaɓe, har tarwaɗa da kwaɗi za ka gani, kuma ba ruwanta da asuba ko azahar.

Zuba 'ya'yan kifi

Na taɓa shiga irin wannan aiki, kuma har yau ina jin kunyarsa. Wasu masu ba da tallafi ne suka sayo 'ya'yan tarwaɗa dubbai domin wani tafki, aka ɗauko su a jarkoki daga nesa. Aka tsaya jiran manyan baƙi da jawabai har rana ta take, sannan aka tuntsura jarkokin a bakin ruwa ana tafi. Ruwan jarka da na tafki ba zafinsu ɗaya ba, wasu nan take suka juya ciki sama. Sauran, da yake a kwandon siminti suka tashi ba su san maƙiyi ba, suka tsaya cirko-cirko a gefe, tsuntsaye suka yi walima. Ba a rufe su ba ko na mako ɗaya, gidajen sauro suna nan. Da na koma bayan wata huɗu na duba kamun kwana uku, ban ga abin da zan nuna in ce namu ne ba.

Ka lura, tarwaɗa ce fa kuke son sayowa, alhali ita ce ma ta rage muku. Uwa ɗaya mai kilo guda tana ɗauke da ƙwai dubun dubata. Iyaye ashirin da aka bari suka haihu a ciyawa sun fi abin da kuɗin ƙungiyarku zai saya, kuma 'ya'yansu 'yan gida ne. Ga shi kuma da yawa daga abin da ake sayarwa an yi shi ne don kiwon kwando, wani ma haɗin tarwaɗa da ramboshi ne, bai kamata a sake shi ya gauraya da irin kogi ba.

Akwai inda zubawa ke aiki. A Nijar ma'aikatan kula da daji da ruwa sun daɗe suna zuba kifi a tafkunan da ba su haɗe da kowane kogi ba, irin na Tabalak a jihar Tawa, kuma mutane sun ci moriya, saboda a can babu wata ƙofar da kifi zai shigo da kansa. In bincikenku ya nuna tafkinku ya yanke da kogi har abada, ko kuma cunkoson tsumburarrun karfasa ne ke damunku, to tarwaɗa tana da amfani, don za ta rage su. A lokacin sai a nemi waɗanda suka kai tsawon yatsa ko fiye, daga irin kogin nan, a kawo su da sassafe, a ajiye mazubin a cikin tafkin na ɗan lokaci ana ƙara masa ruwan tafki kaɗan-kaɗan kafin a sake su, a wurare daban-daban kusa da ciyawa, sannan a rufe su na watanni. Kafin ku biya kowa, ku nemi shawarar sashen kula da kifi na ma'aikatar gona ta jiharku, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa.

Da ni ne ke riƙe da kuɗin

Da mashiga zan fara. A sayi lauje da adda da shebur, a ciyar da 'yan gayya, a buɗe hanyar kafin ruwa ya zo. Kachala ba a ƙona ta a ce an gama, saiwarta tana ƙasa tana dariya. A ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, kuma sai an maimaita sau biyu ko uku a shekara. A fitar da abin da aka yanka waje, kada ya ruɓe a ciki. Wannan aiki ba na ƙauye ɗaya ba ne, sai kun haɗa kai da na sama da ku da na ƙasa, in ba haka ba ku buɗe su toshe da dumba.

Sai gurbi. Ku zaɓi wuri mafi zurfi, ko da kashi ɗaya cikin biyar na tafkin ne, ku kafa masa turaku kowa ya gani, a ce nan ba kalli, ba taru, ba mari-mari, rani da damina. Ku jefa rassan ƙaya da kututture a ciki. Suna ba kifi mafaka, kuma duk wanda ya saci jiki da dare ya ja koma a wurin, komarsa ce za ta ba da labari da safe. Na fi amincewa da wannan a kan kowace doka, domin gadin wuri ɗaya ya fi sauƙi a kan leƙa idon komar mutum ɗari. A kuma yi magana da masu injin ban-ruwa a sa zane a jikin sandar nan, in ruwa ya sauka nan an daina ja.

Hutun damina shi ne na uku, daga shigowar sabon ruwa har wata biyu zuwa uku. Sauƙinsa shi ne yawancinku kuna gona a lokacin. Wahalarsa tana kan wanda ba shi da gona, da matan da banda ce sana'arsu, da wanda ya ci bashin fatake aka ba shi koma a kan zai biya da kifi. In ba a yi tunanin waɗannan ba, su za su fara karya dokar, kuma ba za a ga laifinsu ba. A bar musu fatsa da 'yar gura ta cefane a wajen gurbi. Ragowar kuɗin ƙungiya kuma a yi musanye da shi: kawo gidan sauro ko ƙaramin ido, karɓi koma mai inci 3, ka biya a hankali. Ƙwace kayan mutum ba tare da ba shi madadi ba gaba kawai yake haifarwa.

Duk wannan kada ya zama dokar ƙungiya ita kaɗai. A zauna gaban bulama ko mai gari, da sarkin ruwa, da liman, da wakilin baƙi, da fataken da ke saye, a rubuta, a faɗi tara, a faɗi inda kuɗin tara zai tafi. Fataken nan kada a raina su: ranar da suka daina sayen ƙananan kifi, rabin aikin ya ƙare. Ranar da aka kama ɗan wani babba kuma aka yi shiru, dokar ta mutu.

Ba zan yi maka alkawarin tafkin yarintarka ba. Yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ƙauye ɗaya ba ya juya shi, sai dai ƙungiyoyi su haɗu su kai kuka. Bakunan da ke ci daga tafkin ma sun fi na da. Karfasa da tarwaɗa suna saurin amsawa, cikin damina ɗaya ko biyu za ku iya ganin girmansu ya canja. Bargi yana biyo baya in an bar masa ciyawar sheƙa. Yauni da giwan ruwa kuwa sai ƙofar kogi ta buɗu, sai kuma akwai sauransu a kogin, wannan shekaru ne. Shekarar farko ma kamu zai iya raguwa kafin ya ƙaru, gara ku gaya wa mutane haka tun yanzu kada su ce an yaudare su.

In kun kafa sandar kun fara littafin, bayan ruwa ya ja ka aiko min da abin da kuka rubuta, tare da tsawon karfasa talatin ɗin nan da adadin masu ƙwai a baki, mu duba tare mu ga ko kuɗin 'ya'yan tarwaɗar zai fita ko zai tafi sayen lauje.